Wasiƙa daga Jidda: Alhaji, kafin ka zuba kuɗi a manhajar ERP

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya jama'a ya ƙoƙari. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan kasuwarmu na gida, musamman iyayenmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, da kuma 'yan'uwa mazauna nan Saudiyya masu aiki a shaguna da sito-sito na Jidda da Makka da Madina. Ni dai ma'aikaci ne a wani kamfanin sari anan Jidda, kayan abinci muke yi da dabino da ɗan abinda ba a rasa ba na tsarabar alhazai, aikina shine lissafin kayan sito, kuma da ni aka yi lokacin da kamfanin ya bar littafi da Excel ya koma kan manhajar nan da ake kira ERP. Abinda yasa nake wannan rubutu shine yawan tambayar da mutanenmu masu zuwa Umara suke yi, kowa sai yace shi fa wannan kwamfutar da yake gani a shagunan nan yake so a saka masa a gida, nawa ake sayarwa, wacce tafi kyau. To amsar ba ta ƙarewa a tsaye a bakin shago, shiyasa nace bari in rubuta kowa ya samu. Kuma ba talla nake ba, ko sunan wacce muke amfani da ita bazan faɗa ba.

Ita ERP ɗin nan manhaja ce guda ɗaya da take haɗa duk sassan kasuwanci a wuri guda, sayayya da sito da ciniki da bashi da albashi da haraji duk rumbun bayanansu ɗaya ne. Misali yaron shago ya sayar da katan 10 na madara a reshen Bab Makka dake nan Jidda, to a take katan 10 ɗin zasu fita daga lissafin sito, kuɗin su hau kan sunan wanda ya saya in bashi ne, harajin ya tafi gurbinsa, akanta yana zaune a ofis ya gani, shima mai sayo kaya ya ga madara ta kusa ƙarewa, duk ba tare da an kira kowa a waya ba. Manyan masu yinta sune SAP na Jamus wanda aka kafa tun 1972, da Oracle da Microsoft na Amurka, sai kuma irin su Odoo na Beljiyam da ERPNext na Indiya waɗanda ƙananan kamfanoni suka fi iya ɗauka saboda sauƙin kuɗi. Dukkansu suna aiki. Kuma dukkansu an ga inda aka saka su aka yi asara.

Anan Saudiyya gaskiya ba son zamani ne ya kai yawancin 'yan kasuwa ga wannan abu ba, dole ce. Ranar 1 ga Janairun 2018 aka fara karɓar harajin VAT kashi 5 cikin 100, a Yulin 2020 lokacin korona aka mayar dashi kashi 15, kuma duk wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000 sai yayi rajista. Sai ranar 4 ga Disambar 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan, wato ZATCA, ta fara tsarin Fatura, wato rasit na kwamfuta, daga ranar aka daina amincewa da rasit na hannu ko wanda aka buga a Word, dole ya fito daga manhaja, na kiri kuma da ɗan murabba'in nan na QR a jikinsa. Mataki na biyu ya fara 1 ga Janairun 2023, shine na haɗa manhajar kamfani kai tsaye da ta hukuma, aka fara da manya masu cinikin sama da riyal biliyan 3 a shekara, daga nan aka dinga saukowa rukuni-rukuni har aka iso kan ƙanana. In kamfani ka sayar wa kaya sai faturar ta je wajen hukuma ta samu hatimi kafin ka miƙa masa, in kuma mai sayen kiri ne kana da awa 24 ka tura. Kuma babu zancen gogewa ko yagewa, in anyi kuskure sai dai a fitar da wata takardar ta gyara wacce itama hukuma zata gani. To kaga wanda lissafinsa yake a ka da aljihu ai ba shi da wajen ɓuya. A gida Najeriya ma hukumar tara haraji ta tarayya ta fara nata tsarin rasit na intanet a 2025 da manyan kamfanoni, mu da muka ga yadda akayi anan mun san daga sama ake farawa ana gangarowa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Yanzu ga ainihin maganar da ta sa na rubuto. Duk wanda ya tambaye ni wace manhaja zai saya, tambayar da nake mayar masa ita ce, Alhaji kai da kanka ka shirya bin ta? Domin wallahi a iya abinda na gani, ba kwamfuta ce ke kashe wannan aiki ba, ba kuma yaran shago bane, maigida ne. Mun san halinmu. Alhaji zai shigo bayan La'asar ya zura hannu a durowa ya ɗebi kuɗin cefane ko na makarantar yara, ko ya ɗaga waya yace wa yaron sito a ɗora wa wane katan 20 a mota zai kawo kuɗin, babu takarda babu komai. Kuɗinsa ne kayansa ne, babu mai hana shi. Amma daga wannan lokacin abinda ke cikin kwamfuta da abinda ke ƙasa sun raba hanya, gobe in aka duba aka ga giɓi sai ace kwamfutar ce bata da kyau, ko kuma mafi muni a fara zargin yaron da bai ji ba bai gani ba. Yara kuma suna kallo, da zarar sun ga maigida yana tsallake tsari to suma kowa zai nemi tasa ƙofar, kafin wata uku manhajar da aka kashe wa miliyoyi ta zama abin buga rasit kawai.

A wajenmu abinda ya taimake mu shine mudir, wato manajan kamfanin, ya tara kowa yace daga ranar da aka fara, ko shi ne ya bada umarni kada kwali ɗaya ya fita daga sito sai da takardar da manhaja ta fitar. Kowa ya ɗauka irin maganar taro ce. Ba a jima ba wani amininsa ya turo direba da mota a ɗora masa shinkafa, mudir ɗin da bakinsa ya kira yace a ba shi, mai tsaron ƙofa wani bawan Allah ɗan Sudan yace shi fa ba zai buɗe ba sai ya ga takarda. Direba ya dinga faɗa yana buga hon, mu duk mun yi tsuru-tsuru muna jiran a kori bawan Allah, sai ga mudir ya sauko da kansa ya tsaya a bayan yaron dake kan kwamfuta har aka shigar da odar aka buga takarda, ya sa hannu ya miƙa wa mai gadi. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Amma daga ranar ban ƙara jin wani mandub, wato wakilin ciniki, yace a ba shi kaya zai kawo takarda gobe insha Allah ba. Kuma ba ana cewa maigida ya daina taɓa kuɗinsa bane, a'a, a buɗe masa asusunsa na kansa a ciki, duk abinda ya ɗauka a rubuta a kansa, ƙarshen wata ya ga nawa gida ya ci daga shago. Da yawa in suka ga wannan lissafin a karon farko shiru suke yi.

Abu na gaba wanda yafi komai cin rai kuma masu sayar da manhaja basa son tsayawa akansa shine gyaran bayanai kafin a zuba su. Lokacin da muka zo kwashe sunayen kaya daga tsofaffin takardu sai muka tarar dabino iri ɗaya yana da suna kusan biyar, wani ya rubuta da Larabci wani da Turanci, wani sukkari wani sukari, wani ma sunan wanda ya kawo shi daga yankin Ƙasim ya laƙaba masa. In ka zuba su haka manhaja zata ɗauka kaya biyar ne daban, ɗaya ya nuna akwai da yawa ɗaya ya nuna ana bin sito bashi. Sai maganar awo, wannan ma rigima ce mai zaman kanta. Ana sayowa da katan, ana sayarwa da kwali ko da kilo ko ɗaiɗai, to katan ɗin guda nawa ne a ciki, 12 ko 24? Kamfanin da yake kawowa yakan canza ma ba tare da ya faɗa ba. Ku a Kwari zaku gamu da irinta tsakanin dila da bandir da turmi da yadi, 'yan Dawanau kuma sai sun zauna sun yanke buhu kwano nawa ne ko kilo nawa ne a wajensu, su rubuta, kowa ya bi. Haka sunayen masu cin bashi, mutum ɗaya wani wuri sunansa na yanka wani wuri laƙabinsa wani wuri sunan shagonsa, kuma kowane shafi da ragowar kuɗinsa daban. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a zauna da kowa a daidaita, yace eh wannan shine abinda ake bina, sannan a shigar. Wannan aiki ba na injiniyan da ya zo saka manhaja bane, shi bai san bambancin dabinon ajwa da na safawi ba, naku ne ku masu kayan, kuma in kuka bar masa to shara zai kwasa ya zuba muku a sabon wuri.

Sannan ƙidayar sito, wacce anan ake cewa jard. Ba a fara aiki da manhaja sai an san haƙiƙanin abinda ke ƙasa, ba abinda littafi yace ba. Mu daren Juma'a muka rufe, aka dakatar da shige da fice gaba ɗaya, aka raba mu ƙungiya biyu kowacce ta ƙirga layi ɗaya ba tare da ta ga abinda ɗayar ta rubuta ba, duk inda lamba ta saɓa sai a koma a sake. Wanda ya san zafin Jidda da gumin nan nata mai danƙo zai gane abinda nake nufi, ana hawa kan buhuna da tocilan ɗin waya ana leƙa bayan katako, riga ta jiƙe sharkaf, sai wajen tsakar dare aka kawo mana soyayyar kaza daga Albaik muka zauna akan kwalaye muka ci muka koma. A can lungu muka tono katan-katan na man girki da lemon kwali da wa'adinsu ya wuce tuni, ga wasu kayan da littafi yace akwai amma ko ƙurarsu babu, ga wasu kuma jibge a ƙasa littafi bai san da zamansu ba. Anan ne ake gane dattakun maigida. In ya mayar da ranar ƙidaya ranar kama ɓarawo to ba zai ƙara jin gaskiya daga bakin kowa ba, kowa zai dinga gyara lamba ne don ya tsira. Gara a ɗauki giɓin a rubuta shi asara sau ɗaya, ace daga yau aka fara sabon lissafi, wanda aka kama bayan haka shi ya jawo wa kansa.

Ma'aikata kuma a bi su a hankali. Akwai wani dattijo a sitonmu da ya shekara da shekaru yana riƙe da makulli, ko cikin duhu ka tambaye shi ina kaza yake zai kai ka, to shi a ganinsa an kawo kwamfuta ne don a sallame shi, kuma mutumin da igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, da abincin iyalinsa suke rataye da wannan aiki ai dole ya tsorata. Da farko duk abinda aka ce sai yace mafi mushkila, wato ba matsala da Larabci, amma ba zai taɓa na'urar ba. Abinda ya gyara lamarin shine da aka ce shi zai tsara lambobin layuka da kantoci, shi zai faɗi inda kowane kaya zai zauna, aka haɗa shi da wani yaro mai saurin hannu yana danna masa. Yanzu shine mai kama kuskuren yaran. Horon ma ba irin na otal ba da za a tara mutane yini guda ana haska musu allo da Turanci, alhali a sito ɗaya akwai Bahaushe da ɗan Yaman da ɗan Bangaladash da ɗan Indiya kowa da Larabcinsa na kasuwa. A koya wa kowa iya abinda ya shafi aikinsa, a wajen aikinsa, da sunayen kayan da ya sani, ya yi da hannunsa ya ɓata ya gyara a manhajar gwaji kafin a shiga ta gaske. Kuma kowane sashe a samu mutum ɗaya na cikin gida da ya iya sosai wanda za a dinga tambaya, don injiniya in ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba kullum zai ɗaga waya ba.

Kowa kuma da lambar sirrinsa. Wannan ɗabi'ar ta manna lamba ɗaya a jikin kwamfuta kowa yana shiga da ita tana rushe rabin amfanin abin, domin manhajar tana rubuta wanda ya yi kowane abu da lokacin da ya yi, in duk sunan mutum ɗaya ne to me aka yi kenan. Kuma kada mutum ɗaya ya zama shi ke yin oda, shi ke karɓar kaya, shi ke biyan kuɗi, ko da ɗan cikinka ne. A tsarin da ya dace sai takarda uku sun yi daidai kafin a biya mai kawo kaya, odar da aka tura da abinda sito ya karɓa da faturar da ya kawo. Ba rashin yarda bane, kariya ce ga shi kansa mai amanar ranar da magana zata taso.

Wani ramin da masu kuɗi suka fi faɗawa shine a canza min nan a ƙara min can. Alhaji yana so manhaja ta yi komai daidai yadda ya saba tun zamanin littafi, mai sakawa kuma ba zai ce a'a ba tunda kowane canji kuɗi ne. Ana haka sai abin ya zama ba mai iya taɓa shi sai wanda ya ɗinka shi, in sabon zubi ya fito ba dama a sabunta sai komai ya wargaje. Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba, Lidl babban kamfanin kantuna na Jamus ya fara aikin saka SAP a 2011, ya yi shekara 7 ana fama, a 2018 ya watsar bayan an kashe kusan yuro miliyan 500, kuma daga cikin abinda aka ruwaito ya jawo haka akwai cewa su sun saba ƙimanta kayansu da farashin sari ita kuma manhajar an gina ta akan farashin sayarwa, maimakon su sauya al'adarsu sai suka dage a sauya manhajar. Ni a ganina a fara da ita yadda take, a yi wata shida ana aiki, abinda har lokacin ake jin ciwonsa shine ya cancanci a biya kuɗi a canza, kuma zaka ga yawancin abubuwan da aka tada jijiyar wuya akansu an ma manta dasu. Haka kuma ba dole a kunna komai rana ɗaya ba, a fara da sito da sayayya da ciniki da lissafi, albashi da sauran tarkace su biyo baya.

Lokacin farawa ma abin dubawa ne. Kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarinsa a tsakiyar 1999 daf da lokacin da ya fi kowane ciniki a shekara, abu ya cakuɗe, ga kaya a sito amma an kasa fitar da odar kusan dala miliyan 100. To mu nan wanda ya ce zai fara a Sha'aban ko Zulƙida ai ya nemi rigima da kansa, azumi da aikin Hajji ba lokacin koyon danna kwamfuta bane, layi har waje, alhazai na sauri mota na jira. Bayan alhazai sun watse ne ake samun sararin yin wannan. Ɗan Kwari ya kauce wa gabanin Sallah, ɗan Dawanau ya kauce wa kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a sani makonnin farko sai abu ya fi da wahala, rasit ɗin da ake rubutawa cikin daƙiƙa zai koma cin mintuna, kwastoma zai yi tsaki, yara zasu ce a koma littafi. Ana iya riƙe littafin tare da manhaja na ɗan lokaci don a gwada lissafi, amma a sa ranar ɗauke shi kuma a cika, in ba haka ba aiki biyu za a dinga yi kuma littafin ne zai ci.

Maganar kuɗi kuwa, farashin da aka fara faɗa maka ba shine kuɗin ba. Akwai lasisi wanda yawanci kan kowane mai amfani ake biya duk wata ko duk shekara, akwai ladan mai sakawa, da kwashe bayanai, da horo, da firinta da na'urar haska lambar kaya, da kuɗin kulawa na shekara-shekara. Waɗanda ake cewa kyauta ne ma lasisin ne kyauta, aikin ba kyauta bane. Mu nan riyal a ɗaure yake da dala akan 3.75 shiyasa lissafin baya motsi, amma ku a gida tun da aka saki naira a Yunin 2023 kun san yadda abin da ake biya da dala yake, to a tambaya da wane kuɗi za a dinga sabuntawa kafin a sa hannu. Shi kuma mai sakawa kada a tsaya kan kwat ɗinsa da hotunan da zai haska, ace ya kai ka shagon da ya yi wa aiki mai irin kasuwancinka wanda ya shekara yana amfani da ita, ka keɓe da mai sito da akanta ka tambaye su, ba maigidan ba. A biya shi kashi-kashi bisa aikin da ya kammala. Babbar lambar sirri ta zama a hannunka, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan naka ne, duk ranar da kuka raba gari zaka iya kwashe abinka. Na ga wanda rigima ta haɗa shi da mai saka masa manhaja ya wayi gari ba shi da ikon buɗe lissafin shagonsa. Sai wuta da netwok, mu nan ba ma tunaninsu amma a gida dole a tanadi sola ko inbata da layi biyu, a kuma tabbatar wajen buga rasit yana aiki ko netwok ya ɗauke ya tura daga baya, sannan a dinga ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban ana gwada shi lokaci-lokaci.

To me ake samu bayan duk wannan wahala? Abinda ya fi burge ni shine sanin ainihin kuɗin da kaya ya iso sito. Da can farashin saye kawai ake kallo a ɗora riba, amma da aka fara raba kuɗin jirgi da kwastan da dako da sauke kwantena akan kowane katan sai ga wasu kayan da muke tinƙaho dasu ashe kusan a uwar kuɗi muke bayarwa, wasu kuma da aka raina sune ke riƙe da kamfanin. Kayan abinci manhaja na nuna wanda wa'adinsa ya kusa a fara fitar dashi. Mai cin bashi in ya kai iyakar da aka sa masa ƙofa ta rufe sai maigida ya buɗe da kansa, yaro ya huta da jin kunyar manya, yace Baba ba ni bane kwamfuta ce. Lokacin fidda zakka ba sai an yi kirdado ba, ga ƙimar kaya ga kuɗi ga bashin da ake sa ran karɓa. Kuma akwai maganar da bama son yi amma dole ce, gidajen kasuwanci nawa muka sani a Kano da Katsina da Sakkwato da suka watse bayan rasuwar mai su saboda komai a kansa yake, magada basu san wa ake bi ba basu san wa ke bi ba, wasu masu bashin su yi lamo wasu kuma su taso da takardun da ba mai iya tantancewa, zumunci ya lalace a kotu. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi take, mu ya kamata mu riga kowa a wannan fanni.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗauko abinda ya fi ƙarfinsa. Mai shago ɗaya da yaro biyu baya buƙatar ERP, ƙaramar manhajar ciniki da sito ta ishe shi, in ma littafi ne a riƙe shi da kyau. Wanda yake da rassa, da sito fiye da ɗaya, da masu kai kaya gari-gari, da bashi a hannun mutane da yawa, wanda in ka tambaye shi ribar watan jiya sai yace alhamdulillahi ana samu, to shi nake nufi.

Roƙona gare ka Edita, ku tura wakilinku kasuwannin nan ya tattauna da waɗanda suka riga suka saka irin wannan manhaja, wanda ta yi masa da wanda ta ba shi kunya, a ji daga bakinsu da Hausa. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su nemi matasanmu da suka karanta akanta da kwamfuta suna zaune ba aiki, a horar dasu akan wannan, don in dokar rasit ta gangaro kan matsakaitan 'yan kasuwa a samu na gida da zasu yi aikin kuma a san inda za a same su in abu ya lalace. Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida ma'aikata baki ɗaya.

Wassalam, naku mai karatu daga Jidda, Saudiyya.